Kwaɗin da Ba Sa Kuka

A layin sayen ruwa na wani kanti a jihar Nebraska ta Amurka, tsohuwa Darlene ta karanta rubutun rigar matashin da ke gabanta.

"Ɗan nan, a gidan ruwa kake aiki?"

"Eh, Mama."

"Maganin ciyawar da muke fesa wa masara, an ce kun raba ruwan garin nan da shi."

"Tas! Sinadari muke zubawa, mu haska wata fitila mai ƙarfi, gubar ta farfashe."

"Ta farfashe ta zama me?"

"Ƙananan abubuwa. Na'urarmu ma ba ta ganinsu."

"Uhm. Bana jikata ta kiwata 'ya'yan kwaɗi a ruwan famfonku. Sun girma ƙalau, amma har yau ko ɗaya bai yi kuka ba. Maƙogwaro ya kumbura, ya sace, shiru."

Matashin ya yi dariyar yaƙe. "Kwaɗi ne fa, Mama."

"Kwaɗi ne. To kai me ya kawo ka nan da jarkoki haka?"

Ya dubi jarkokin.

"Matata ce ta kusa haihuwa."

"Allah ya sauke ta lafiya, ɗana. Allah ya sa ku ji kukan jaririn."