Ina Cizon Harshe, Suna Gardamar Ruhu

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tsayar da ni da ƙafafuna a gabanku yau. Ku ce amin, amma a hankali, kun san bangon ɗakin nan ba shi da kauri.

Sunana Ishaya, mutumin Tibiri ne ni, kusa da Maraɗi. Shekarata ta biyar ke nan a Tamanrasat ina aikin gini. Tun jiya na gaya wa dattawa cewa shaidata ba mai daɗin ji ba ce, akwai fushi a cikinta, kuma za ta taɓa su. Suka ce in faɗa. To, zan faɗa.

Ni ɗan ƙwaya ne a da. Tramol nake sha. Na fara ne a wurin aikin gini, wani shantiye na nan unguwar Gata'al Wad, inda muke hawa da bulo bene na uku tun safe har la'asar. Bayana ya riƙe, wani abokin aiki ya miƙo mini guda ɗaya ya ce in gwada. Ranar nan na yi aikin mutum biyu ina waƙa. Kafin shekara ta zagayo, biyar nake haɗiya da shayi kafin in ɗauki cebur. Abinci ya fita raina. Matata Rifkatu takan kira daga gida in ƙi ɗagawa, don na san za ta gane a muryata.

Amma kowace Juma'a, ranar da ba a aiki, ina nan ɗakin da wankakkiyar riga, ƙwaya a cikin safata. Ina rera waƙa da ku!

A lokacin mu goma sha huɗu ne. Baba Dauda tela shi ke bi da mu, ga shi nan zaune. Koyarwarsa ita ce Ruhu Mai Tsarki yana shiga mutum ranar da ya ba da gaskiya, shiru, ba hayaniya, aikinsa kuma shi ne ya buɗe maka Maganar Allah ya gyara halinka. Baƙin harsuna da faɗuwa ƙasa, in ji shi, zamaninsu ya wuce tare da manzanni.

Sai Fasto Ayuba ya iso daga Najeriya, hanyarsa ta zuwa arewa ya ƙetare teku ta tsaya masa, ya zauna da mu. Shi ma ga shi nan. Shi kuma ya ce mana mun karɓi ruwa amma ba mu karɓi wuta ba. Ya ce akwai baftisma ta biyu, ta Ruhu, alamarta kuma harsuna ce, duk wanda ya same ta kowace sarƙa za ta tsinke masa nan take.

Nan take! Kalmar nan ita ta kama ni. Na gaji da ƙwayar, ina so a cire mini ita kamar yadda ake cire haƙori.

Wata Juma'a da hantsi na sha fiye da kima kafin in zo. Fasto Ayuba ya ce masu son wuta su fito. Na fito na durƙusa, ya ɗora mini hannu. Na ji kunnuwana suna ƙara, na ga fuskoki suna nisa. Daga nan ban san kome ba sai abin da aka ba ni labari, da ɗan abin da na ji sa'ad da hankalina ya fara dawowa.

Na faɗi, jikina ya sandare, ina shure-shure, kumfa da jini a bakina. Fasto Ayuba ya ɗaga hannu ya ce, "Haleluya! Ruhu ya sauko! Kada kowa ya taɓa shi!"

Baba Dauda ya tashi ya ce, "Wannan ba Ruhun Allah ba ne, iska ce. Allah ba ya wulaƙanta ɗansa a ƙasa haka. Ga abin da ka kawo mana!"

"Baba, ka yi hankali da bakinka, kada ka yi saɓon Ruhu!"

"Kai ne za ka koya mini saɓo? Ka rage murya kafin maƙwabta su kira mana 'yan sanda!"

'Yan'uwa, ina kwance tsakanin ƙafafunsu ina cizon harshena, su kuwa kowa ya buɗe littafinsa yana neman aya! Mutum biyu masu ilimi, ba wanda ya sunkuya ya dubi fuskata.

Inna Tabita ce, mai sayar mana da shinkafa da wake, ta ture su duka biyu. Ta taɓa yin aikin shara a gidan likita a Maraɗi, ta ga irin wannan. Ta juya ni a kan haƙarƙari, ta sa zanenta a ƙarƙashin kaina, ta ce, "Ku matsa ku ba shi iska! Farfaɗiya ce. Ba ku ga yadda ya rame ba?"

Yanzu ga nawa laifin, don ba zan ɗora musu duka ba. Da na farfaɗo, Fasto Ayuba ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan'uwa, me ka gani?" Na dubi idanun mutane. In ce ƙwaya ce? Ni da ake sa ni karatu a sujada? Sai na ce na ga haske. Ƙarya na yi a gaban Allah da jama'arsa. Mako na gaba ya ce in buɗe baki in bar Ruhu ya yi magana, na haɗa 'yan kalmomin Tamashek, yaren mutanen nan, da nake ji a kasuwa da wasu da ba su da ma'ana, na zuba. Aka yi ta kuka ana yabon Allah. Na fita na haɗiyi biyu a bayan gida.

A kaina zumuncin nan ya tsage. Shida suka bi Fasto Ayuba zuwa wani ɗaki a bayan garejin motoci, sauran suka tsaya da Baba Dauda. Mu da ba mu cika tabarma uku ba, a ƙasar mutane, ba takardu, muka zama majami'a biyu! A can ana nuna ni ana cewa ga shaidar wuta. A nan ana ambatona ana cewa ga abin da ruɗi ke yi wa mutum. Baba Dauda ya aiko mini cewa kada in kusanci jibin Ubangiji sai na rabu da iskar. Wata huɗu ana haka. A cikin wata huɗun nan ba wanda ya tambaye ni, "Ishaya, me ke cin ka?" Na zama hujja a bakin kowa, na daina zama mutum.

Abin ya sake buge ni a shantiye, ina kan katako da bokitin siminti. Na faɗo, ƙashin kafaɗata ya karye. Allah ya sa tarin yashi ne a ƙasa. Doktan da ya ɗaure ni bai ɓoye mini ba, ya ce in ban bar ƙwayar ba, faɗuwa ta gaba ita ce ta ƙarshe.

Fasto Ayuba da Baba Dauda sun zo duba ni a ɗakina, kowa da ranarsa. A nan ne na gaya wa kowannensu gaskiya, na ce tramol ne tun farko. Fasto Ayuba ya ce lallai na ɓata wa Ruhu rai ne ya sa ya janye, in yi azumin kwana uku ya dawo. Baba Dauda ya girgiza kai ya ce, "Ai na faɗa." Abin da ya kawo mini ke nan: ai na faɗa! Ya kuma ƙara da cewa Ruhu ba ya zama a ƙazamin gida. Ɗaya ya ce Ruhu ya tafi, ɗaya ya ce da ma ba zai zauna ba. Karo na farko da bakinsu ya zo ɗaya, kuma a kan cewa Allah ya bar ni ne.

Na ce musu, kowa a ranarsa, ya tashi ya fita mini daga ɗaki. Ban yi nadamar wannan ba har yau.

Inna Tabita ba ta yi mini wa'azi ba. Ta zo da kunu ta ce, "Ɗana, muddin kana unguwar nan, mai sayarwa ya san ƙofarka. Akwai wani dattijo mai lambu a ƙauyen Tahifet da nake sayen tumatir a wurinsa, yana neman mai tsare masa ruwa. Hannu ɗaya ya isa. Gobe motarsa za ta koma."

Na ce, "Inna, me zan je yi? An ce Ruhu ya bar ni."

Ta ce, "Wa ya gaya maka su ke riƙe da makullinsa? Ni ban yi lekkol ba, ban san boko ba, amma wanda ya sa ka buɗe baki ka faɗi gaskiya bayan wata huɗu, kana tsammani shaiɗan ne?"

Na tafi. Dattijon musulmi ne, Hausarsa kaɗan ce. Ya nuna mini yadda ake buɗe wa kowane fage ruwa a toshe na baya, ya ba ni bargo da ɗaki a gefen lambu. Ba shago, ba mai sayarwa, duwatsu ne ta kowane gefe.

Kada wani ya ruɗe ku, barin abin nan azaba ce. Zawo, amai, zufa cikin sanyi, ƙafafu suna rawa su kaɗai, ƙasusuwa kamar ana sara. Dattijon yakan ajiye mini shayi da gurasa a bakin ƙofa ya tafi, bai taɓa tambayata kome ba.

Rana ta huɗu da tsakar rana na rarrafa zuwa bakin hanyar ruwa, ƙarƙashin itacen ɓaure. Na yi niyyar in tari mota in koma gari in saya. Kafin in tashi na ce bari in gaya wa Allah abin da ke raina. Ba addu'ar ladabi na yi ba. Na ce, "Ina kake? Wannan ya ce sai na yi ihu, wancan ya ce sai na tsarkaka tukuna. Ihun na yi na ƙarya, tsarkin kuma ba ni da shi. In sai mai tsabta kake zama da shi, to ni wa zai wanke ni?"

Daga nan magana ta ƙare mini. Ba Hausa, ba baƙin harshe, sai nishi da kuka kamar na dabba. Ban faɗi ba, ban ga haske ba, ban ji murya ba. Amma a ƙarƙashin nishin nan na san ba ni kaɗai nake roƙo ba. Akwai wanda yake riƙe da roƙon daga cikina, yana kai shi inda ni ba zan iya ba. Kuma na gane ba ranar ya zo ba. Yana nan sa'ad da nake ɓoye ƙwaya a safa, shi ne ya hana ni jin daɗinta. Yana nan sa'ad da nake ƙaryar harsuna, shi ne ya sa kunya ta riƙa cina. Bai taɓa fita ba!

Mota ta wuce, ban tare ta ba. Washegari ma ciwon yana nan, na sake kuka, na sake ƙin tafiya. Haka aka yi ta yi, rana ɗaya bayan ɗaya. Wata uku na yi a Tahifet. A mako na shida na hau tudu inda waya ke kamawa na kira Rifkatu na gaya mata kome. Ta ce, "Na sani tuntuni. Ina jira ne ka faɗa da bakinka."

Yau wata goma sha ɗaya ban sa ƙwaya a bakina ba. Farfaɗiyar ba ta dawo ba. Yabo ya tabbata ga Allah!

Da na dawo, kowane ɓangare ya aiko in zo in ba da shaida a wurinsa. Na ce ba zan yi ba sai an taru a ɗaki ɗaya, shi ya sa kuka ga mun matsu yau. Baba Dauda, Fasto Ayuba, ban zo in raba muku gardama ba, ni magini ne. Fasto, wataƙila Allah yana ba wasu harsuna na gaskiya, ban isa in hana shi ba. Amma ka sa mutane suna ƙarya don kada a ce ba su da rabo, ni ne na farko, kuma ba na jin ni ne na ƙarshe. Baba, gaskiyarka ce Ruhu yana aiki shiru. Amma ka ce ba ya zama a ƙazamin gida, da haka ne da yanzu an binne ni a bayan gari. Maganganun nan biyu sun kusa kashe ni. Na yafe muku, amma ina yafewa ne kowace safiya daga farko, don fushin bai gama fita ba, kuma ba zan sake yin ƙarya a ɗakin nan ba.

Ina gode wa Uba da ya sa yashi a inda na faɗo. Ina gode wa Yesu da bai ji ƙyamata ba. Ina gode wa Ruhu Mai Tsarki da ya zauna da ni a cikin ƙazantata har ya fitar da ni. Inna Tabita, Allah ya sāka miki. Dattijon Tahifet, Allah ya ƙara wa lambunsa ruwa.

Na san aikin da muke yi, na kuma san abin da ake sha don a iya yin sa. Akwai wani a nan da yake jin maganata tana sukarsa. Ɗan'uwana, ba sai ka faɗi ƙasa ba, ba kuma sai ka gyaru tukuna ba. Sukar nan da kake ji, Ruhun ne, bai bar ka ba. Ka dogara gare shi, ka buɗe baki ka faɗi gaskiya ga mutum ɗaya yau. In ka rasa wanda za ka gaya wa, ina bakin ƙofa bayan an tashi, kuma ba zan buɗe maka aya ba sai na fara jin ka ci abinci.

A cikin sunan Yesu. Amin.