Bencin da Ke Bayan Sashe

Mai girma shugaban taro, shugaban jami'a, farfesoshi da daktoci, iyayena da 'ya'yana, assalamu alaikum. Na gode da kuka ga dacewar a kira mai sayar da atamfa ta yi magana ranar buɗe sabon ɗakin bincikenku.

Da farko, ina so in yaba wa wani babban malami da ba a ambata ba yau: bencin nan na gindin bishiya, bayan ginin sashenku. Wallahi bencin nan ya yaye farfesoshi fiye da laburare. A kansa ake shan shayi bayan an tashi aiki, a kansa wani zai ce, "Abokina, zo mu rubuta tare." Benci mai adalci, bai taɓa korar mace ba. Sai dai lokacin da yake cika, malamai mata suna cikin cunkoson motoci, za su ɗauko yara daga makaranta.

'Yata, wadda kuke kira Dakta, ni kuma nake kira Auta, ta daɗe tana bincikenta ita kaɗai, ga shi an ce ƙarin girma sai da aikin haɗin gwiwa. Na ce, "Hana ki aka yi?" Ta ce, "A'a, Mama." Na ce, "To mene ne?" Ta ce, "Ba a dai kira ni ba."

Mu a kasuwa, in za mu haɗa kaya a mota guda, ba ma tambayar dilar nan ta mace ce ko ta namiji. Mu dai motar ta cika, ta tashi.

Na biyu, sai godiya ta gaskiya. Wani dattijon farfesa ya bar shayinsa, ya ƙwanƙwasa ƙofar Auta da rana tsaka, ya ce, "'Yata, gwajin ruwan nan kin fi mu hannu, ki shigo." Ta shiga, ta jawo ƙawayenta, ga shi yau har an yi muku ɗaki mai sanyi da kujeru masu juyawa. Baɗi za a duba takardunta na ƙarin girma, kuma ina da kyakkyawan zato.

Allah ya albarkaci ɗakin nan, ya haɗa kawunanku, ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.

Af, tambaya guda, ranka ya daɗe shugaban taro: ranar da aka ɗauke wuta kuka koma gindin bishiya, wa zai gusa wa Auta ta zauna a bencin?