Wa Zai Yanka Kan Shinkafar Sumberwangi?

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, Pak Haji Mustajab. Mai girma dagacin Sumberwangi da 'yan majalisarsa. Malaminmu Kiai Dimyati, Allah ya ƙara masa lafiya. Tsofaffin 'yan wasanmu da suka cika layin gaba, masu sauran gwiwa da waɗanda gwiwar ta yi murabus. 'Yan wasanmu na yau, waɗanda nake roƙo su ajiye waya na minti goma. Makaɗan bayan raga. 'Yan'uwana mata da muke bakin murhu tun safe. Jama'ar Sumberwangi maza da mata, ina yi muku barka da wannan rana.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana cikar ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa, Putra Sumberwangi, shekara hamsin. Ina kuma gode wa kwamiti da ya ɗora mini, ni Warsini, nauyin sanar da sakamakon ƙuri'a. Na sani ba don iya magana aka zaɓe ni ba. An zaɓe ni ne saboda shekara talatin na yi ina koyarwa a firamare, rabin mazan da ke rumfar nan na taɓa jan kunnensu, don haka babu wanda zai iya jifana da kujera.

Ga tumpeng ɗinmu nan a gabanku, shinkafa rawaya an tula ta ta yi tsini, kaza da ƙwai da tempe na waken soya sun kewaye ta. Tambaya ɗaya ce ta hana garin nan sakat wata uku cur: wane ne gwarzon gwarazan ƙungiyarmu, wanda ya cancanci ya ɗauki cokali ya yanka kan shinkafar nan yau? Kafin in faɗi amsa, ina da magana uku.

Ta farko, gardamar kanta. Na ji ta a kasuwa, na ji ta a bakin gona, na ji ta a shagon kofin Yu Darmi har kofi ya huce. Matasa suka ce Yohanis ne, baƙonmu na Kupang, wanda ya ci ƙwallo ashirin da uku a kakar wasa ɗaya. Wani dattijo ya ce musu, "Kaka biyu ya yi ya ɗauki jakarsa. Ni akuyata ma ta fi shi daɗewa a filin nan." Suka ce, "Mbah, akuyar taka ƙwallo nawa ta ci?" Aka yi ta dariya. Amma kowa ya san gardamar gaskiya tsakanin mutum biyu take. Ga Cak Turmudi, ɗan gaba mai lamba tara, wanda ya ci ƙwallo biyu ranar da muka ɗauki kofin gunduma a 1988. Ga Pak Wagiman, mai tsaron gida, wanda ya tare bugun daga kai sai mai tsaron gida a mintin ƙarshe na wannan wasa. Ba don ƙafar wancan ba, da ba mu shiga gaba ba. Ba don hannun wannan ba, da ba mu dawo da kofi ba.

Ta biyu, kuskuren da muka yi shekara biyar da suka wuce, kuma ni ce na kawo shawarar, ban ɓoye ba. Muka ce don a zauna lafiya a yi tumpeng biyu, kowa ya yanka nasa. Mu a ganinmu mun yi dabara. Ba a gama addu'a ba magoya bayan Cak Turmudi suka fara raɗa cewa na Pak Wagiman ya fi tsawo. Jama'a, da idona na ga an aika an ɗauko tela da abin awonsa, ya durƙusa yana auna shinkafa! Ya ɗago ya ce, "Yatsa biyu ne tsakani." Ranar manya suka tashi ba su ci ba, mu mata muka kwashe abincinmu muna ƙunƙuni. Shi ya sa bana shinkafa ɗaya ce, kanta ɗaya, ƙuri'a kuma aka kaɗa.

Ta uku ita ce mai nauyi, kowa ya san ta, babu mai son faɗa. A wasan ƙarshe na 1993 ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙwallo ta suɓuce daga hannun Pak Wagiman ta gangara raga, muka rasa kofi. A gaban dubban mutane Cak Turmudi ya fizge safar hannunsa ya wurga ta bayan shinge, ya ce, "Koma kamun kifi, ko shi ma zai suɓuce maka!" Yau shekara talatin da biyu ke nan ba su yi wa juna magana ba. Masallacinsu ɗaya, sahunsu ɗaya, wannan a ƙarshen dama, wancan a ƙarshen hagu. Ranar Laraba mai zuwa kuma Pak Wagiman zai hau jirgin ruwa zuwa Balikpapan, ya koma wurin 'yarsa saboda idonsa ya yi rauni. Ba ziyara zai je ba, komawa zai yi.

To ga sakamako. Yohanis, ɗari da hamsin. Pak Wagiman, ɗari uku da tamanin da tara. Cak Turmudi, ɗari huɗu da sha biyu.

Makaɗa, ku dakata da gangar, ban gama ba.

Kun ga yadda Cak Turmudi ya nemi ƙuri'ar nan. Gida-gida ya bi a kan tsohon babur ɗinsa, har kurman gari sai da ya yi wa jawabi. Ni raina ya ɓaci ƙwarai. Shekaranjiya na same shi a ƙofar gidansa yana ba kaji tsaba, na ce, "Cak, ba ka jin kunya? Mutum zai bar gari ranar Laraba, ko wannan ɗaya ba za ka bar masa ba?"

Ya ce, "Haba Bu Guru, malamarmu, ke da kika koyar da garin nan kaf, kin manta? Mai yanka ai ba ya ci. Miƙawa yake ga wanda ya fi girmamawa."



Ya ƙara da cewa, "In Wagiman ya ci ƙuri'a, zai yanka ya miƙa wa Kiai, ya hau jirginsa, shi ke nan. In ni na yanka, faranti yana hannuna. Sau uku ina zuwa ƙofar gidansa da azumin bana, sau uku ina juyowa. Bakina ba zai iya ba, Bu. Amma hannuna zai iya."

Ya ce in rantse ba zan gaya wa kowa ba. Na ce masa na ji. Cak, ji na ce na yi, ban rantse ba, ka daina harara ta. Ba kuma son surutu ne ya sa na fasa ƙwan ba. Da safen nan Pak Wagiman ya ce mini, "Bu, zan zo don girmanki, amma da zarar an kira sunan Turmudi zan tashi." Tun ɗazu kuwa ina kallonsa yana laluben sandarsa.

Pak Wagiman, ƙuri'a tana iya ba mutum cokali, amma ba ta isa ta sa kowa ya karɓi faranti ba. An ci maka mutunci a gaban jama'a, mu kuma jama'ar muka yi shiru, muka yi ta auna ƙwallaye da shinkafa muka bar abin da ya kamata mu gyara. Karɓa taka ce, ƙi ma naka ne, babu wanda zai ga laifinka. Ni dai na faɗa a fili: in jirgin nan ya tashi kuna yadda kuke, zan yi baƙin cikin da ban yi ba ranar da muka rasa kofin.

Alhamdu lillahi. Na baya da ba ku gani, Pak Wagiman ya ajiye sandar.

Allah ya albarkaci wannan taro da waɗanda suka haɗa shi. Allah ya jiƙan 'yan wasanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya ba ƙungiyarmu wasu shekaru hamsin, ya shirya mana 'yan bayanmu su daina barin fili a buɗe. Allah ya kai Pak Wagiman Balikpapan lafiya, ya ba shi sauƙin idonsa, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.

Cak Turmudi, taso ga cokali. Share idonka tukuna, kada ka yanka mini shinkafa a karkace. Pak Wagiman ba ya gani daga nesa, sai ka taka har gabansa, ka kuma kira sunansa don ya san kai ne.

Jama'ar Sumberwangi, na gode.