Suna Ɗaya Ya Rage a Malafa

Mai girma shugaban wannan zama, kuma shugaban Ƙungiyar Matafiya 'Yan Talla ta Manizales, Don Heriberto Zuluaga. Mai girma Fada Aicardo, wanda ya baro aikin coci ya zo ya zauna da mu. Dattawan ƙungiya, waɗanda suka ci hanya tun kafin a zuba mata kwalta. Matan 'yan ƙungiya da mazajensu, waɗanda suka saba cin abinci da kujera ɗaya babu kowa a kanta. Abokan sana'ata, masu tallan magani da masu tallan takalma da masu tallan kayan gyaran injin kofi. Jama'a baki ɗaya, ina yi muku barka da yamma.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni wannan dama, alhali an ba shi shawara ya hana ni. Ina godiya ga waɗanda suka gaishe ni a bakin ƙofa, ina kuma godiya ga waɗanda suka kau da kai, domin su ma ba su ɓoye mini abin da ke ransu ba. Ga wanda bai san ni ba, sunana Nubia Ocampo, shekarata ashirin da uku ina tallan magani tsakanin nan da Neiva, kuma ni ke riƙe da katin makin ƙungiya. Agogon bangon can ya nuna ƙarfe biyar da minti biyar. Ƙarfe shida maganar da ta tara mu za ta rufe, ko mun yanke ko ba mu yanke ba, saboda haka zan tafi da sauri.

Magana ta farko ita ce, mene ne makin nan da muke ta hayaniya a kansa? Kamfanin otal yana cewa kyauta ce yake ba mu a kan kowane kwana da muka yi a ɗakunansa. Ni ban yarda kyauta ba ce. Kowane maki kwana ne da ɗayanmu bai yi a gidansa ba. Akwai makin ranar da ɗanka ya fara tafiya kana Ibagué. Akwai makin ranar da matarka ta yi zazzaɓi ita kaɗai kana Pasto. Ni a cikinsu akwai na ranar da mahaifina ya cika, ina kwance a Neiva da jakar magani a gefen gado. Saboda haka duk wanda ya ce muna faɗa a kan abin banza, bai san hanya ba.

Magana ta biyu ita ce malafa. Shekara goma sha biyu da suka wuce, mu goma sha biyu muka ga makin mutum ɗaya ba ya kai shi ko'ina, sai muka yarda mu riƙa haɗa shi cikin kati guda. Duk ƙarshen shekara a canza shi a karɓi ƙunshi: kwana bakwai a otal a bakin teku a Cartagena, tare da mil na jirgi, wato makin da ake karɓar tikiti da shi, wanda zai kai mutum biyu ya dawo da su. A zuba sunaye a waccan malafar da ke gaban shugaba, a zaro ɗaya, wanda aka zara ya fita har sai kowa ya samu. Goma sha ɗaya sun tafi sun dawo da baƙin fata da hotuna, har da ni. Yau suna ɗaya ya rage a malafar, na Don Gildardo Arango, ga shi can zaune a layi na uku ya harɗe hannu.

Kun san irin tsiyar da ya sha. Bara a shagon shan kofi na kusa da kasuwa, ɗan ƙungiyarmu Leonidas ya dube shi ya ce: "Gildardo, ka tabbata an rubuta sunanka kuwa? Ko da ruwa aka rubuta?" Shi kuma ya kurɓi kofinsa ya ce: "Ci gaba da dariya, mutumina. Ƙanzon shinkafa na ƙarshe ke samun sa, kuma ya fi daɗi." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Abin da muka manta, ko muka ga dama muka manta, shi ne sunansa ya taɓa fitowa. A shekara ta shida aka zaro shi, ya karɓi takardar ya ninke ya mayar cikin malafa, ya ce a ba Argemiro, ɗaya daga cikinmu, domin duk mun ga yadda ciwo ke cin Argemiro. Argemiro ya je ya ga teku da matarsa Doña Ofelia, ya dawo, wata uku muka binne shi. Gildardo bai taɓa goranta wa kowa ba, mu kuma ba mu taɓa gode masa yadda ya kamata ba.

Magana ta uku ita ce abin da ya sa agogo ya zama abokin gabarmu. Kamfanin otal ya aiko da sanarwa cewa daga ƙarfe shida na yau ya daina ba da irin wannan ƙunshi. Daga gobe makin nan zai ba mu ɗaki, amma in muka nemi mil da shi, abin da za a ba mu ba zai kai mutum Bogotá ba. Kuma ƙa'idarsu ita ce, lokacin da za ka karɓi ƙunshi a waya sai ka rubuta lambar mutum ɗaya da mil zai shiga asusunsa na jirgi. In ka danna, ka danna. Ba a janyewa, ba a rabawa, ba a cewa kuskure aka yi. Na kira su sau huɗu, sau huɗu wata murya mai daɗi tana ba ni haƙuri.

Magana ta huɗu ita ce Doña Ofelia, wadda ta ƙi zuwa yau saboda kunya. 'Yarta ɗaya, Yuliana, wadda da yawanku kun ci waina ranar baftismarta, tana aiki a gidan burodi a Santiago ta ƙasar Chile. An gano ƙari a kanta, ranar Alhamis za a shiga da ita tiyata, kuma likitoci sun ce a kira wani nata. Ba ta da kowa a can sai mai gidan haya. Mun yi karo-karo, Allah ya saka wa kowa, amma kun san tikitin watan Disamba, abin da muka tara bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Mil ɗin da zai kai mutum biyu Cartagena, shi ne daidai zai kai mutum ɗaya Santiago ya dawo. Na duba, na sake dubawa, akwai kujera ranar Talata mai zuwa.

A nan ne jita-jita ta shiga, aka ce Nubia za ta ƙwace tafiyar Gildardo, wasu ma suka ce na riga na danna a ɓoye. Ga wayar, shugaba, duba da idonka. Makin yana nan cif, ba a taɓa ko ɗaya ba. Kuma ban taɓa cewa a taɓa kwana bakwai ɗinsa ba. Ɗakin nasa ne, ko sama da ƙasa za su haɗu. Mil kaɗai nake magana a kai.

To amma kada in yi muku ƙarya in ce mil ƙaramin abu ne a wurinsa, kuma wannan ce magana ta biyar, wadda ta fi yi mini nauyi. Ranar Talatar da ta wuce na je gidansa. Tun daga ƙofa ya ce: "Nubia, zauna ki sha kofi. Amma in maganar da nake ji ce ta kawo ki, ki shanye ki tashi." Na zauna, na faɗi abin da ya kawo ni. Sai ya ce: "Na ba mijin, ban yi da-na-sani ba. Yanzu kuma matar? Gidan Argemiro kaɗai Allah ya halitta da matsala? Ko ni ne jakin ƙungiya, duk wanda ya ga kaya sai ya tuna da ni?"

Shekararsa talatin da huɗu yana bin motocin haya da akwatin takalma, bai taɓa shiga jirgi ba. Matarsa Doña Rosalba ba ta taɓa ganin teku ba, kuma alkawarin da ya yi mata tun suna saurayi da budurwa shi ne za ta fara ganin sa daga sama, ta tagar jirgi. Ni da bakina, da wautata, na ce musu ai teku ba ya gudu. Sai Doña Rosalba, wadda ciwon sukari ya riga ya cinye mata ido ɗaya yana kan na biyu, ta juyo inda ta ji muryata ta ce: "Gaskiyarki, 'yar nan, teku ba ya gudu. Idona ne ke gudu." Na so ƙasa ta tsage in shige. Magana zarar bunu ce, kuma ni na zaro ta.

Saboda haka ga inda muke: gaba kura, baya sayaki. Uwa tana so ta riƙe hannun 'yarta kafin a rufe ƙofar tiyata, mata tana so ta ga abin da aka yi mata alkawari kafin duhu ya rufe. Babu mai son zuciya a cikinsu, babu mai ƙarya a cikinsu, kuma babu wanda ya isa ya auna hawayen ɗaya da na ɗaya.

Na ji ana shirin a ɗaga hannu a ƙirga. Na ji Leonidas yana cewa rinjaye ya riga ya samu, Ofelia ce za ta tafi. Ina roƙon ku, don girman Allah, kada ku ɗaga hannu. Leonidas, kai ka sha iskar tekunka tun shekara ta biyu. Ni na sha tawa a ta huɗu. Mu goma da muka rage a raye, da muka ci rabonmu muka suɗe hannu, mu taru mu yi kyauta da rabon wanda ya jira, wannan ba tausayi ba ne, fashi ne da fara'a. Kyauta da kayan wani ba kyauta ba ce. In muka ɗaga hannu yau, Ofelia za ta hau jirgi da kunya, Gildardo zai fita daga zauren nan ba zai ƙara shigowa ba, malafar can kuma ta zama hular gona.

Abin da nake da shi na kaina shi zan ajiye. Ga makullin motata. Tsohuwa ce, kun san ta, tana tari a hawan dutse amma ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba. Makon tafiyarku, Don Gildardo, shi ne makon da na fi ciniki a shekara, na yafe shi. Ni zan tuƙa ku da hannuna, mu kwana Medellín gidan ƙanwata, washegari mu gangara, in jira ku kwana bakwai ɗinku cif, in dawo da ku har ƙofar gida. Na san ciwon bayanka, na san kwana biyu a mota ba wasa ba ne ga mai shekara sittin da takwas. Na san kuma mota ba jirgi ba ce, ba zan raina maka hankali ba.

Abu ɗaya ya rage, kuma matarka ta ba ni izinin faɗa. Da Doña Rosalba ta rako ni ƙofa rannan tana lalube da bango, kai kana ciki, ta riƙe hannuna ta tambaye ni a hankali: "In ta mota ce, daga ina ake fara hango shi?" Na ce ban sani ba. Kwana uku ina tambayar direbobin manyan motoci a tasha, duk bakinsu ɗaya. Suka ce kafin a shiga Cartagena akwai tudun Turbaco, in ka kai kansa da safe sararin sama a buɗe, za ka ga birnin a ƙasa da ruwan shimfiɗe a bayansa har inda ido ya tsaya. Daga sama ne, Don Gildardo. Ba saman da ka yi alkawari ba ne, amma a can ana iya tsayar da mota, a fito, a tsaya har sai ta ce ta ƙoshi. Ban ce ta yarda ba. Tambaya kawai ta yi, na kawo mata amsa.

Shugaba, ina neman alfarma a miƙo mini malafar. Ga makullin na saka a ciki, kusa da takardar sunansa. Ga wayar ita ma, shafin a buɗe, gurbin lambar babu komai. Lambobi biyu na rubuta a wannan takarda, tasa da ta Ofelia. A kai masa. Wadda ya ga dama ya rubuta, da yatsansa zai danna, kuma ina shaida wa wannan taro a gaban Fada cewa in tasa ya rubuta, haƙƙinsa ya ɗauka, ni zan kai su filin jirgi, kuma duk wanda ya yi masa kallon banza ni zai tarar a gabansa. Ina roƙon kowa ya juya ya fuskanci gaba, kada a zuba masa ido. Ya isa haka, shekara goma sha biyu muna kallon sa yana jira.

Allah ya ba Yuliana lafiya, ya sa hannun likitocinta ya yi albarka. Allah ya tsare wa Doña Rosalba hasken da ya rage mata har ta ga abin da aka yi mata alkawari. Allah ya jiƙan Argemiro da duk namu da suka riga mu. Allah ya kiyaye mana hanya, ya mayar da kowane matafiyi gidansa, ya bar mu a haɗe bayan ƙarfe shida kamar yadda muke kafin ta.

Don Gildardo, ƙarfe biyar da minti talatin da biyar. Malafar tana hannunka.

Na gode.