Ɗari Biyun Naliaka

A tashar motar Bungoma, wani mutum ya ƙura wa hoton ɗan majalisa da ke jikin zanen Naliaka mai ayaba ido.

"Mama, mutuminki ne?"

"Ni ma ban sani ba, ɗana. Da zai tsaya takara muka yi masa karo-karo, na ba da shilin ɗari biyu. Ana gobe zaɓe yaransa suka damƙa min ɗari biyu. Takardata ce, har da yagewar da na liƙe! To ni na saye shi, ko shi ya saye ni?"

"Ɗari biyu? Ai ɗari biyar-biyar ya ce mu raba."

Sai ya kama bakinsa. Naliaka ta sauke tirenta.

"Ku raba? Zauna, ɗana. Motarka ba yanzu ba."