Sunan Norman a Bangon Faifai

Rabaran Ellerby, Kansila Dunnill, Beryl matar marigayi da 'ya'yanta, tsofaffin ma'aikatan tashar kifi ta Hull, ina gaishe ku. Kai ma baƙon kamfanin faifai da ka raɓe a bakin ƙofa da furanni, sannu da zuwa. Zauna, da kai nake.

Mun taru ne don Norman Stathers, mai gangar ƙungiyarmu, Hessle Rooks. Ya kasance mai sauke kifi tun asuba, da yamma ya hau ganga yana ƙarni, mu muna toshe hanci, jama'a na rawa. Ya kasance in na ɓata kiɗa sai ya jefe ni da sanda: "Wilf, jita ce a hannunka ko tsintsiya?"

A 1965 muka je Landan muka naɗi waƙa goma sha biyu. Duk bugun da ke ciki hannun Norman ne. Ranar ɗaukar hoto manajan kamfanin ya dube shi, ya ga giɓin haƙora huɗu da igiyar jirgi ta zubar, ya ce, "Wannan bakin ba zai sayar da faifai ba." Aka ɗauko wani ɗan gaye da bai taɓa riƙe sanda ba, aka sa fuskarsa da sunansa a bangon faifan. Shekara sittin haka!

Daga baya, kamar yadda suka saba, suka goge kaset ɗinmu na asali suka naɗi wasu a kai. Saura ɗaya tak, wanda mai naɗin ya ba Norman a ɓoye. A cikinsa ana ji ƙarara ana cewa, "Norman, mu je." Yanzu za su sake fitar da faifan, shi ne suka gane hanyar gidansa. Ku ji rashin ta-ido!

Beryl, don girman Allah kada ki ba su kaset ɗin nan. Sai kin ga sunan mijinki a bango da idonki. In sun matsa, ki turo su wurinmu.

Kada ku zaci ni na tsira. Ranar hoton nan na gyara kwala, na yi murmushi, Norman na gefe riƙe da kwat-kwat ɗinmu. Ban ce uffan ba. A jirgin ƙasa muna dawowa har ya gutsura mini burodinsa. Wallahi gara a ce marina ya yi.

Mun gode da kuka zo. Allah Ya ji ƙan Norman, Ya ba iyalinsa haƙuri a kan komai, ban da wannan maganar suna. Amin.