Riguna Huɗun da Malam Idrisu Bai Ƙarasa Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin da aka haifa a wannan gari.

Shugaban jama'armu ta Makka, Alhaji Salihu. Limaminmu, Malam Abdulwasi'u. Dattawan unguwannin Jarwal da Zahir da Ka'akiyya. 'Yan kwamitin gasar ƙwallo. Hajiya Batulu mai ɗakin marigayi, da ke jinmu ta bayan labule. 'Ya'yansa Uzair da Salwa. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Sunana Tijjani, kun fi sanina da Mai Warsha. Aji uku na sakandare na tsaya. Na shigo garin nan shekara ashirin da shida da suka wuce da jaka ɗaya. Na ɗauki bulo, na kwaɓa siminti, na koyi aikin alminiyam da ido, ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Yau warsha biyu, wato shagunan aikin alminiyam, nake gudanarwa a Zahir, mutum goma sha ɗaya na aiki a ƙarƙashina, na gina gida a Gusau, ƙungiyar ƙwallo ta Zahir kuma ni na kafa ta. Ban da Allah, ba wanda ya kama mini. Na faɗi wannan ne don ku san cewa wanda ke gabanku bai saba cewa wani ya fi shi gaskiya ba.

Yau kwana goma sha biyu da muka yi wa Malam Idrisu Tela salla a Harami, muka kai shi makwancinsa.

Ya kasance tela a Jarwal shekara talatin da ɗoriya. Mu da muka zo muka same shi, a shagonsa muka fara sanin gari. Ya kasance idan baƙo ya shigo da yagaggen wando, sai ya zaunar da shi, ya ba shi zane ya ɗaura, kafin ɗinki ya ƙare ya san garinsu da sunan mahaifiyarsa. Ya kasance mai taurin kai, wannan ma gara a faɗa, Hajiya ta fi mu sani. Ya kasance, a shekarar 2008, shi ya tara mu ya ce a yi gasar ƙwallo ta Hausawan Makka, duk Juma'a bayan La'asar, a filin turɓaya na Ka'akiyya.

Dattawan da ba sa zuwa fili, ga yadda tsarin yake. Ƙungiya takwas ce, rukuni biyu. Kowace ƙungiya tana karawa da sauran bakwai, amma biyu daga kowane rukuni ke zuwa wasan kusa da na ƙarshe. Malam bai taɓa raba rukuni da ƙuri'a ba, da lokacin tashi daga aiki yake rabawa. Rukunin Gari na masu shago ne da 'ya'yanmu haifaffun nan, masu lokacin atisaye. Rukunin Ka'akiyya na leburori ne da masu shara, waɗanda motar kamfani ke saukewa a bakin fili, siminti bai gama bushewa a ƙafarsu ba. Rabinsu idan iƙama, takardar izinin zama, ta ƙare sai gida, baɗi sababbin fuskoki ne.

Ba zan yi ƙarya a taron mamaci ba: rukunin nan ba shi da ƙarfi. Bana sun yi wasa goma sha shida da ƙungiyoyin gari, ko canjaras ba su samu ba. Magina ne na ɗaya da maki bakwai, 'Yan Tsafta na biyu da maki huɗu. Zahir, ƙungiyata, makinta goma sha uku, amma ta uku ce a rukuninmu, don haka an cire mu. Shekara tara, ba ƙungiyar Ka'akiyya da ta taɓa kaiwa wasan ƙarshe. Bana ma ban ga alama ba. Golan 'Yan Tsafta ya koma garinsu Madawa watan jiya, wanda ya maye gurbinsa bai taɓa sa safar hannu ba sai ta aiki.

Shi ya sa na rubuta takarda ga kwamiti, na ce a soke tsarin, huɗun da suka fi maki su wuce. Na kai wa Malam kwafi har shago. Yana kan keke, bai ɗago ba.

Na ce, "Yaya, adalci ne mai maki huɗu ya wuce, mai goma sha uku ya koma gida?"

Ya ce, "Gida ina? Yaranka gidajensu na nan Zahir."

Na ce, "Ci shida za a yi musu."

Ya ce, "Bara bakwai ne. Ka ga ana samun ci gaba."

Na ce, "Ba wasa ya kawo ni ba."

Ya tsayar da keke, ya cire tabarau. Kun san wasannin kusa da na ƙarshe a filin ciyawa ake yi, kowace ƙungiya da sababbin riguna, shi yake ɗinka sunan kowa a baya. Kafin a take wasa ana jera su a ɗauki hoto, gaba da baya, a wanke wa kowa nasa. Ya ce, "Kai kofi kake gani, su hoton nan suke jira. Shi suke aikawa gida."

Na ce, "Yau waye ba shi da waya mai kyamara?"

Ya ce, "Ya ɗauki me? Kayan shara, ko ɗakin mutum goma sha biyu? Tijjani, shekarunka bakwai na farko, wane hoto ka aika wa Inna?"

Jama'a, ban aika ba. Ban yarda a gan ni da kayan lebura ba, ina jira sai na zama wani abu. Mahaifiyata ta rasu ba ta sake ganin fuskata ba. Mutum ɗaya na taɓa faɗa wa wannan, shi ne, a shagon nan. Raina ya ɓaci, na tashi na fita ko sallama ban yi ba. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Bayan kwana biyar ciwon zuciya ya ɗauke shi.

Shekaranjiya Uzair ya kira ni in taya shi kwashe shago. Ya buɗe kabad ya ce, "Ammi," wato baffa a Larabcin haifaffun nan, "shuf, duba nan." Rigunan Magina ne da na 'Yan Tsafta, ashirin da takwas, a ninke. Ashirin da huɗu an gama sunayensu, huɗu haruffan na maƙale da fil. Takardata ma na gan ta. Da ita ya yanki samfurin haruffan. Na ɗaga ta, ina hango Uzair ta cikin ramukan.

Na je na sami Mukhtaru, kyaftin ɗin Magina, na tambaye shi ko sun san za su sha kashi. Ya ce, "Alhaji, mu da muke cikin fili ai mun fi ka sani. Amma na riga na gaya wa tsohuwa hoto na tafe."

Hajiya Batulu, ki yi haƙuri, ki kuma yafe mini, shi kam ban samu na roƙe shi ba. Uzair, mahaifinka bai bar maka gini ba, amma daga Zinder zuwa Sakkwato akwai ɗakunan da ɗinkinsa ke rataye a bango. Salwa, an ce ke kika gaji hannunsa. Idan Hajiya ta amince, rigunan nan huɗu ki ƙarasa mana su kafin Juma'a.

Mun gode wa duk wanda ya bar aikinsa ya zo. Allah Ya gafarta wa Malam Idrisu, Ya yalwata kabarinsa, Ya suturta shi kamar yadda ya suturta bayinsa. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Saura abu ɗaya. Gobe kwamiti zai zauna kan takardata, an ce mini mutum huɗu cikin bakwai na goyon bayana. Na janye ta. Magina da 'Yan Tsafta za su taka ciyawa ranar Juma'a, Zahir kuma za mu zo kallo. Malam Hafizu, kai ne sakatare, ga littafi a hannunka. Ka rubuta cewa daga bana Kofin Idrisu Tela ne. A ƙasa ka rubuta sunana cikakke, Tijjani Yari Gusau: shi ya kawo takardar, shi ya janye ta, ba wanda ya sa shi. Rubuta yanzu, ina tsaye.